Ranar da Aka Ɗaga Yayanku a Filin Kokawar Birnin Kudu

Kun sha jin wannan labari a bakin mutanen Zandam, kuma duk wanda ya ba ku shi ni yake yi wa ado. Cewa suke yi ni ne mutum na farko a zuriyarmu da ya shiga tsakiyar taro ya rungumi ɗansa na fari bai ji kunyar kowa ba. Na daɗe ina jin ana faɗin haka ina yin shiru, don yabon ya yi mini daɗi. Yanzu mahaifiyarku ta riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka ga abin da idonsu ma sun ƙare saura ni, to gara in rubuta muku shi yadda ya faru tun hannuna yana iya riƙe alƙalami. Karatuna bai wuce na allo da na ajin yaƙi da jahilci ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Ku da kuke saɓa 'ya'yanku a kafaɗa ku shiga da su kasuwa ba za ku gane ba sai na yi muku bayani. Mu Fulani ne, ko da yake Fulatancin a bakin kakanninmu ya tsaya, shanun ma suka ragu muka fi ba da ƙarfi ga gona. Amma kunyar ba ta ragu ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an san da zamansa. Uba zai tarar da ɗansa yana kuka a tsakar gida ya kau da kai, iyakarsa ya ce wa bango, "Ba kowa a gidan nan ne?" Mace ba ta kama sunan mijinta ko da wuta ce ta tashi. Suruki kuwa in ka hango shi a hanya sai ka ratse gefe, ka tuɓe takalmi ka durƙusa har ya wuce. Ni ɗan fari ne a wurin mahaifina, wanda muke ce wa Baffa, kuma har na yi aure ban taɓa jin Idi ya fito daga bakinsa ba. "Kai" nake, ko "wancan". Ban ɗauke shi ƙiyayya ba. Haka na ga ana yi, haka kuma na yi niyyar yi wa nawa.

An haifi yayanku a shekarar da aka canja mana kuɗi, fam da sule suka tafi naira ta zo. Sunansa na yanka Usmanu, sunan Baffa ke nan, shi ya sa ake ce masa Shehu, don ba wanda zai iya kama sunan tsohon a cikin gidansa. Ni ko Shehun ba na iya faɗa. Mahaifiyarku Hansatu ta yi wankan jego a gidansu a Kwandiko, ta yi arba'in ta dawo mini da yaro fari sol mai yawan gashi. In ba kowa a ɗaki nakan lallaɓa in sa masa yatsa a tafin hannu ya damƙe, da na ji takun mahaifiyata Inna sai in zare in fice kamar ɓarawo. Na taɓa saya masa hular ulu mai ruwan ɗorawa a kasuwar Gwaram, amma sai ta hannun ƙanwata na ba da, aka ce ita ta sayo.

Yaron bai fara zama ba labari ya zo cewa gwamnati ta shirya babbar kokawa a Birnin Kudu, za a tara 'yan kokawar ƙasarmu gaba ɗaya a zaɓi waɗanda za su je Kano. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, kullum da sabon abin da gwamnati za ta ɓullo da shi. Mu da kaka muka san kokawa, bayan an kai amfani gida, amma wannan sai aka sa ta da tsakiyar bazara. Da Baffa ya ji sai ya ce wanda ya tsara wannan abu bai taɓa wuni a rana ba. Duk da haka ya ce zai je, don gwarzon da ƙasar Gwaram ta dogara da shi surukinmu ne: Sale, yayan Hansatu, wanda ake yi wa laƙabi da Kututture saboda ba a iya ɗaga shi daga ƙasa. Ni kokawa ta ƙi ni tun ina saurayi, ba wanda bai kayar da ni ba a Zandam, sai na koma mai riƙe wa Kututture riga da gorar ruwa. Wannan ɗan matsayi nake taƙama da shi, don yana kai ni bakin igiya inda manya suke zama.

Ana saura kwanaki kaɗan, na shiga ɗaki na tarar da Hansatu tana ba yaron nono. Ba ta dube ni ba, ta ce:

"Da ma a ce mutum zai ga Yaya ya kama a babban fili, ko daga nesa ne."

"Da yaron?"

"To in bar shi da wa? Inna ce za ta shayar da shi?"

Da na ce a'a da maganar ta mutu a nan, don ita ba mai musu ba ce. Amma ina so ta gan ni a bakin igiya da sabuwar rigata, manyan gari a bayana. Ni na ƙirƙiro dabarar, ba ita ba. Na je na ce wa Inna malaman asibiti sun ce a kai jarirai Birnin Kudu a yi musu lamba ta rigakafi, tun da ga mota za ta tafi gara a haɗa tafiyar.

Inna tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta dube ni.

"Lamba? Yaron da maɗigarsa ba ta rufe ba, a wannan zafin?"

"Su suka ce, Inna."

"Kuma duk ranakun Allah ba su ga ta kira ba sai ranar kokawa?"

Ta kira Hansatu ta ce mata daga asibiti ta nemi inuwa ta zauna, kada ta kusanci taro, jinjiri ba ya shiga inda numfashin mutane ya yi yawa. Hansatu ta ce to, kanta a ƙasa.

Motar da ta ɗebe mu daga Gwaram babbar lori ce mai jikin katako, wadda ta saba kai gyaɗa Kano. Direbanta Modu, Babarbare ne, abokina kuma abokin wasanmu, kun dai san tsakanin Barebari da Fulani. Yana tsaye a gindin mota yana ta kirari, "Ku hau a hankali, bayina, wannan ba saniya ba ce, ba a kama mata wutsiya!" Dattawa suka zauna a bencin gaba, mu a tsakiya, mata a can baya da ƙoren furarsu da za su sayar. Hansatu na cikinsu da goyonta, an sa masa hular nan ta ulu don kada iska ta shige shi.

Ban taɓa ganin mutane irin na ranar ba. Daga Dutse, daga Wudil, daga wajen Ningi, wasu a mota wasu a keke wasu tun jiya suke tafe a ƙasa. An kewaye filin da dangar zana, an bar ƙofa guda ana yankar tikiti, waɗanda suka rage a waje sun fi na ciki yawa. A ciki an yi wa manya rumfa, an ja igiya ta zagaye fagen, an ɗaura lasifika a kan sanda, ga wani maroƙi mai faɗin baki shi ke riƙe da abin magana yana sanar da wanda zai kama da wane. Asibiti ko hanyarta ba mu bi ba. Na kai Hansatu gindin wata tsamiya a wajen danga inda matan Zandam suka baje fura, na ce ta zauna nan, in an kira Kututture za ta ji a lasifika, sai ta leƙa ta ramin zana. Na shige na bar ta.

Inda aka ba mutanen Gwaram na durƙusa a bakin igiya da rigar Kututture a cinyata, Modu ya tsugunna a gefena. Sai da na zauna na gane su wa ke kan tabarmar da ke bayana: Baffa, da surukina Malam Umaru, mahaifin Hansatu, wanda ya taho daga Kwandiko tare da ɗansa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Ko waiwaye ban yi ba. Aka yi ta kamawa, ƙanana suka gama matsakaita suka shiga, ganguna suna tashi, rana ta taho ta tsaya a tsakiyar kai ta fara karkata. Ƙasar fagen in ka taka ba takalmi sai ka ɗaga ƙafa. Ban tuna da matata da yaron ba, wallahi ban tuna ba, hankalina duk yana kan wani ƙato daga wajen Ningi da aka ce shi za a haɗa da namu.

Da maroƙin ya kira sunan Kututture, makaɗa suka sauya suka ɗauki takensa, sai na waje suka kasa haƙuri. Suka yi ta turo danga har ta kwanta, mutane suka kwararo ciki kamar an fasa madatsar ruwa. Abin da ya faru da Hansatu daga baya na ji shi. Ta taso ta manna ido a zana ne dangar ta faɗi, na baya suka tura ta ciki, ta rasa hanyar komawa. Ana matse ta gaba da baya, ta ji yaron ya yi wata irin ƙara a bayanta. Ta yi ta maza ta kwance majanyi ta jawo shi ta ɗaga shi sama da kanta da hannu biyu. Ta riƙe shi haka har hannuwanta suka fara rawa, ƙafarta ma ba ta taɓa ƙasa. Wani dogon mutum da ba ta sani ba ya ce ta kawo kafin su faɗi tare, ya karɓa ya miƙa wa na gabansa, na gaba ya miƙa gaba, don duk filin ba inda iska take sai tsakiyar fage.

Ni abin da na gani shi ne wani ɗan ƙunshi yana tafe a saman kawuna daga hannu zuwa hannu, har ya iso igiya ta can ɗaya gefen, aka ɗora wa maroƙin a hannu. Ya ɗaga wa makaɗa hannu suka tsaya. Ya juyo da abin ya ɗaga shi sama, sai na ga hular ulu mai ruwan ɗorawa.

"Jama'a, a dakata! An sami sabon ɗan kokawa, ya shigo ba tikiti ba walki! Ina uban wannan gwarzo?"

Fili ya ɗauki dariya. Yaron yana kuka, wani siririn kuka da lasifika take kamawa tana watsawa. Na san kukan kamar yadda na san muryata. Na ce a raina yanzu uwarsa za ta ɓullo. Na ce ko Baffa zai gane shi, shi kaka ne, ba kunya tsakaninsa da jika. Amma idon Baffa ya yi rauni, kuma shi da Malam Umaru a saninsu yaron yana can asibiti ana yi masa lamba. Maroƙin ya sake tambaya, ya zagaya da shi yana nuna wa kowane gefe. Na matsa kusa da Modu na yi magana ƙasa-ƙasa.

"Modu, yaron nan na gidanmu ne. Je ka karɓo shi."

"Na gidanku wanne?"

"Na ɗakina."

Ya dube ni kamar zai mare ni, ya tsallake igiya ya ruga. Kafin ya isa wani sajan ɗan sanda ya riga shi, ya tare shi da kulki.

"Kai ne ubansa?"

"Ni ubangidan ubansa ne."

"Ba na ba da ɗan mutane ga wanda ba nasa ba. Ana satar yara a irin wannan taro. Uban ya fito ko uwar, in ba haka ba caji ofis zan kai shi."

Modu ya juyo ya fuskanci inda nake. Bai nuna ni da yatsa ba, Allah ya saka masa, ya dai ɗaga murya ya ce, "Kai Bafilatani, taso mana!" Fulani sun fi a ƙirga a gefenmu, kowa ya waiga yana duban na kusa da shi. Maroƙin kuwa abin nema ya samu.

"Af, ɗan Fulani ne? To ɗan fari ne ke nan! Jama'a, kowa ya nemi tabarma, yau a nan za mu kwana!"

Dariyar da aka yi ta fi ta farko. Na ji Malam Umaru ma ya yi 'yar dariya a bayana, ya ce wa Baffa, "Allah sarki, ko ɗan wane ne." Ina durƙushe, zufa tana bin bayana, na ƙanƙame rigar Kututture kamar ita aka ce in tsare.

Sai maroƙin ya sauke yaron daga sama ya duba fuskarsa. Da ya sake magana ba wasa a muryarsa.

"Don Allah mai yaron nan ya fito. Ya daina kuka fa. Jikinsa kamar garwashi."

Na ga kan yaron ya langaɓe a hannunsa. To nan ne wurin da masu ba ku labari suke tsallakewa, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Na gani da idona, na ji abin da aka ce, na yunƙura har gwiwata ta bar ƙasa, sai Baffa ya yi gyaran murya a bayana. Ba da ni yake ba, ƙura ce ta shaƙe shi. Amma na koma na durƙusa. Ɗana yana hannun baƙo numfashinsa yana tafiya, ni kuwa ina lissafin yadda zan buɗe baki a gaban ubana da surukina in ce nawa ne, da yadda ƙaryar lamba za ta tonu. Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba. A wurina ya yi tsawo, kuma har yau bai ƙare ba.

Muryar mace ce ta tsaga filin.

"Idi! Idi! Idrisu!"

Can baya, inda dangar ta faɗi, akwai wani amalanke da masu ruwa suka ajiye. Hansatu ce a tsaye a kansa, ba ɗankwali, bakinta da jini, ta riƙe zaninta da hannu ɗaya. Mutane sun cushe tsakaninta da fage, ba ta da hanyar wucewa, amma daga can sama tana ganin komai, tana ganina. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai ranar, a gaban mahaifinta da yayanta da mutanen ƙasa guda. Na ji Malam Umaru ya ce innalillahi a hankali. Kututture da ke tsaye a fage ya shafa ƙasa a hannu yana jiran abokin karawarsa, ya juya ya gane ƙanwarsa.

Sai a lokacin na tashi. Na yar da rigar na tsallake igiya, takalmina ɗaya ya tsaya a can. Sajan ya tare ni.

"Kai kuma fa?"

"Ni ne."

"Kai ne wa? Mene ne naka?"

Maroƙin ya kawo abin maganar bakina, ban sani ba ko da gangan ya yi.

"Ɗana ne."

"Sunansa?"

"Usmanu."

Na ji muryata ta fito ta lasifika ta dawo mini, sunan ɗana na fari da sunan ubana a kalma guda. Gefen Gwaram ya yi tsit, sauran filin kuma ya ɓarke da sowa, wasu suna tafi wasu suna "Ya faɗa! Ya faɗa!" Maroƙin ya ɗora mini shi. Ban iya ɗauka ba, ban taɓa yi ba, sai da ya gyara mini hannu ya ce, "Tallafi wuyan, ɗan samari, cire masa wannan hular." Na cire. Gashinsa ya jiƙe sharkaf, maɗigarsa ta faɗa ciki kamar an danna da babban yatsa, idonsa rabi a buɗe.

Kututture ne ya buɗe mana hanya. Da walkinsa da layunsa ya shiga cikin mutane yana ture su da kafaɗa, Modu yana biye yana dukan na gefe da hularsa yana zagin iyayen kowa, ni ina tsakiya da yaron a ƙirji. Da muka isa amalanken Hansatu ta diro ta fizge shi ba ta ko kalle ni ba. Modu ya tayar da lorin ba kowa a ciki sai mu, ya yi ta danna oda har ƙofar asibiti.

Wata malamar asibiti mai jiki ta karɓe shi ta tuɓe shi, ta yi ta goga masa jiƙaƙƙen tsumma, tana ɗiga masa ruwa a baki da ƙaramin cokali, tana faɗa ba ta tsaya ba.

"Wane mai hankali ne ya kai jinjiri filin kokawa da bazara?"

"Ni ce," in ji Hansatu.

Ina daga bakin ƙofa na ce, "Ni na kawo su."

"To ku duka biyu Allah ya shirye ku. Matsa daga nan, kana tare masa iska."

Na fita na zauna a baranda. Na yi addu'ar da na iya, na yi alkawuran da ban cika rabinsu ba. Can wajen la'asar na ji kuka daga ciki, da ƙarfinsa, irin na yunwa. Modu da ke jingine da ginshiƙi ya share fuska da hularsa ya ce, "Ka ji ɗan bawa, yanzu ya tuna da muryarsa." Bayan ya sha nono ya yi barci aka sallame mu. Hansatu ta fito da shi a hannu ta zauna a can ƙarshen bencin da nake.

"Kin ji ciwo a baki," na ce.

"Na gan ka," ta ce. "Daga kan amalanken na gan ka a zaune."

Na sunkuya ina duban ƙafata da ba takalmi.

"Ban ce ka yi laifi ba. Haka aka koya maka. Ni ma haka aka koya mini." Ta gyara wa yaron kwanciya. "Yanzu da wane ido zan dubi Baba?"

Daga wannan ba ta sake tayar mini da maganar ba har ta koma ga Allah. Amma ita ta biya. Ni maza suka yi mini dariya na ɗan lokaci, daga baya dariyar ta juye ta zama yabo. Ita kuwa matan Zandam suka sa mata Mai-kiran-miji, in ta je rijiya sai wata ta siranta murya ta ce "Idi, Idi," sauran su tuntsire. Ta kasa taka Kwandiko har sai da aka yi Sallah babba, da ta je kuma mahaifinta ya amsa gaisuwarta yana kallon wani wuri. Kututture ya koma fage ranar hankalinsa yana asibiti, ƙaton nan na Ningi ya ɗaga shi ya nana da ƙasa, mutumin da ba a taɓa ɗagawa ba. Bai je Kano ba, bai kuma sake shiga babban fili ba, ya yi shekaru in mun haɗu iyakarmu sannu. Saboda haka in kun ji ana cewa ubanku ne ya karya kunya don ɗansa, ku ce a'a, uwarku ce. Ni bin bayanta na yi, kuma a makare.

Bari in ƙarasa muku da yammacin ranar. Modu ya mayar da mu bakin fili aka kwashi mutanen Gwaram, kowa jikinsa a sanyaye saboda kayen da aka yi mana. Baffa ya hau ya zauna a bencin gaba, bai dube ni ba, bai tambayi yaron ba, don an riga an gaya masa ya farfaɗo. Na zauna a bayansa da takalmi ɗaya. Samari suna ta ƙunshe dariya, Modu ya leƙo ta taga ya ce, "A ba uban Usmanu wuri ya miƙe ƙafa, yau ya yi aiki!" Wani dattijo ya daka masa tsawa ya ja bakinsa.

A can baya mata suna ta yi wa Hansatu ƙus-ƙus. Ta gwada goya yaron ta kasa, bayanta duk ya ƙuje, hannuwanta kuma tun ɗagawar da ta yi masa ba su daina rawa ba. Wata tsohuwa ta ce ta kawo ta riƙe mata. Ba ta ba ta ba. Mota ta fara tafiya, sai ta miƙe tana dafa kafaɗun mata, ta tako har inda bencin maza ya fara, ta miƙo shi ta saman kawunansu zuwa inda nake.

"Riƙe," ta ce.

Ƙeyar Baffa tana gabana, in na miƙa hannu zan taɓa rawaninsa. Na sa hannu biyu na karɓa, na tallafi wuyan yadda maroƙin ya nuna mini. Ta koma ta zauna. Ba mu bar gari ba yaron ya tsula mini fitsari a sabuwar rigar, na ji ɗuminsa har cinya, wani saurayi ya kasa daurewa ya fashe da dariya, ban motsa ba. Da muka hau babbar hanya Modu ya taka mota, iskar yamma ta fara kaɗowa ta tsakanin katako tana tayar da gashin yaron, hular kuwa tana can filin inda na yar da ita.

Sai na ga Baffa ya zare mayafin da ke kafaɗarsa. Bai waiwayo ba, ya miƙo shi ta baya, ya yi magana kamar da hanya yake.

"A rufe wa takwarana kai. Iskar ta yi yawa."

Na karɓa na rufe shi. Har muka isa Gwaram ban miƙa shi ga kowa ba.